Yagana Ta Rasu, Wa Zai Faɗa wa Gwaggo?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yagana ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kan kaskon turare, ina juya itace don kada sukari ya kama, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwarta ce. Ta ce, "Yaya Dije, sai haƙuri. Dakta ta cika da asuba, a asibiti a Kano."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Turaren ya ƙone ƙurmus, maƙwabciyata ce ta ji ƙauri ta shigo ta sauke kaskon.

Masu jiran humra da turaren wuta, ku yi haƙuri, yau babu talla a shafin nan. Wata magana zan yi, kuma tun ban fara ba kunya ta gama rufe ni.

Kun san abin da ya fara faɗo mini a rai da na ji? Ba "Allah ya jiƙanta" ba ne. Wallahi ba shi ba ne. Abin da ya fara zo mini shi ne, to yanzu wa zai faɗa wa Gwaggo?

Ƙawata tun muna 'yan mata tana kwance ko wanka ba a yi mata ba, ni kuma ina ta tawa buƙatar. Da na farga sai na ji na tsani kaina. Har yanzu da nake rubutun nan abin bai sake ni ba.

Bari in gaya muku ko wace ce ita, don da yawanku ba ku san ta ba, sannan ku gane maganar Gwaggon.

Yagana 'yar nan Azare ce, amma kakanta daga Barno ya zo ya zauna. A makarantar kwana ta 'yan mata muka haɗu, gadonta a saman nawa. Ni Bafulatana, ita Babarbariya, kun dai san wasan da ke tsakaninmu. Tun ranar farko ta leƙo da kai ta ce, "Ke 'yar Fillo, a ina kika ɗaure shanun?" Na ce a bayan gidan wanzamin da ya yi wa kakarta zane. Shi ke nan, muka ƙulle. Har ta koma ga Allah ba ta daina ce mini 'yar Fillo ba, ko a gaban 'ya'yana.

Ni ina gama sakandare aka yi mini aure. Ita ta wuce jami'a, ta wuce ƙasar waje, ta dawo, ta sake fita, ta sake dawowa. Dakta ce, amma ba mai duba marasa lafiya ba. Wannan kuwa mutanen unguwarsu sun ƙi ganewa har yau. Duk ranar da aka ji ta sauka, tsakar gidan Hajiyarsu cika yake da masu ciwon baya da masu hawan jini. Sai ta yi ta dariya tana cewa, "Ni fa likitar kwalabe ce, jini nake dubawa, ba mai jinin ba." Amma ba ta taɓa korar kowa ba. Sai ta saurare ka tsaf, ta gaya maka inda za ka je da wanda za ka nema.

Aikinta duk a kan ciwon hanta ta ƙarar da shi, irin wanda ake ce wa hefataitis B. Shi ne wanda yake zama a cikin jini shiru, shekara da shekaru, mutum yana yawonsa garau. Sai ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, mu kuma mu ce shawara ce ta yi ƙarfi, ko mu ce hannu aka sa.

Tambaya ɗaya ce ta hana ta zama. Me ya sa in babba ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore cutar, amma in jariri ya ɗauka wajen haihuwa sai ta zauna masa har tsufa? A kan tabarmata ta yi mini bayanin, tana cin dambuna tana kushe shi. Ta ce, "Garkuwar jiki kamar maigadi ce. A jikin babba, in cutar ta shigo, maigadi ya san baƙuwa ce, sai ya fatattake ta. Shi kuwa jariri ya buɗe ido ya tarar da ita a tsakar gida, sai maigadinsa ya ɗauka 'yar gida ce. Shi ya sa nake son allurar rigakafi ta riga ta zama. Ranar haihuwa, Dije, kafin jinjiri ya wuni ya kwana. Ba bayan suna ba."

Wannan "ba bayan suna ba" na ji ta a bakinta har na haddace.

Ta sha yawo da kularta ta ajiye jini, ƙauyukan Itas, su Misau, su Dambam. A wasu wuraren aka baza cewa sayar da jinin take yi wa Turawa. Ba ta yi fushi ba. Sai ta koma duk garin da ta sauka, ita ake fara ɗiba a gaban kowa. In kun ga gwiwar hannunta ta ciki, duk tabon allura ne. Wanzamai ma ba ta taɓa tsayawa a kansu tana yi musu lacca ba. Zama take a ƙasa ta ce su nuna mata yadda suke wasa aska, sai hira ta yi daɗi sannan ta kawo maganar kowane kai da rezarsa.

Tun safe nake ganin mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba suna rubutu a kanta, suna lissafa binciken da ta yi da ɗaliban da ta yaye. Ni ban iya karanta irin Turancin takardunta ba. Ni dai na san mai shigo mini kicin ta juye mini yaji a leda ba ta tambaya ba.

Wani zuwa da ta yi, cikin wasa ta ce in kawo hannu, tana son ta ga ko jini ne a jikin Fulani ko tsala. Na miƙa mata ina zaginta.

Da sakamakon ya fito ba ta kira ni a waya ba. Tasowa ta yi daga Kano takanas. Ta aiki yara sayen abin da ba ta buƙata, ta ce in dama mata fura. Na dama, na ɗanɗana, ta karɓe ludayin daga bakina ta ci gaba da sha da shi. Sai da ta sha ta ƙoshi ta ce, "Dije, kina da shi."

Na yi kuka ranar. Ba tsoron mutuwa ne ya sa ni kuka ba, abin da za a ce ne. Mutane suna jin ciwo a jini sai tunaninsu ya tafi wuri ɗaya. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni yadda Innarmu ta rasu. Na ce cikinta ne ya kumbura, aka ce sammu ne. Ta ce, "To ina kyautata zaton tun ranar da ta haife ki kike tare da shi. Ita ma ba ta sani ba." Sai daga baya na gane abin da ya sa ta sha da ludayina. So take in gani da idona cewa ba a ɗauka ta cin abinci tare.

Ita ta haɗa ni da likitan da yake duba ni har yau. Ita ta zaunar da maigidana ta yi masa bayani, aka gwada shi ba shi da shi, aka yi masa rigakafi. Ƙananan yarana a asibiti na haife su, an yi musu allura tun suna jarirai, duk suka fita lafiya. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ta ce, "Saura ɗaya."

Na sunkuyar da kai.

Kun san mu Fulani da kunyar 'yar fari. Ba na faɗin sunanta, yanzu ma ba zan rubuta ba. A gida na haife ta, a ɗakin Innarmu. Ban taɓa goya ta an gani ba. In tana kuka da mutane a wurin, sai dai wani ya ɗauka. Ana yaye ta, yayar maigidana, wadda duk muke ce wa Gwaggo, ta zo ta tafi da ita garin Katagum. A can ta girma. Yaya take ce mini. Ranar ɗaurin aurenta gidan maƙwabta na gudu na wuni.

Kuma kada in yi muku ƙarya, ina alfahari da haka. A dangi in ana misalin kunya, da ni ake yi. "Ku dubi Dije," haka ake ce wa amare. Daɗi nake ji.

Yanzu ta yaya za a gwada yarinyar da ke hannun Gwaggo ba tare da an tayar da zance ba? Na ce wa Yagana ni dai ban san yadda zan yi ba. Ta ce in bar mata.

Kun san abin da baiwar Allahn nan ta yi? Ta ɗauki kularta da ma'aikatanta ta tafi Katagum, ta nemi izini, ta gwada matan unguwar Gwaggo kaf, duk wadda ta yarda, don kada a nuna yarinya ɗaya da yatsa. Ta ce ai dama aikinta ne, kuma an samu wasu da suka amfana. Amma ni na san saboda wa ta zaɓi unguwar.

Yarinyar tana da shi.

Yagana ce ta gaya mata, a keɓe. Lokacin ana maganar aurenta, sai ta kira yaron ma, da yardar yarinyar, ta yi masa bayani. Ya je ya yi rigakafinsa ya ce yana son matarsa a haka, Allah ya yi masa albarka. Gwaggo kaɗai aka ɓoye wa, don yarinyar ta roƙa kada a tayar mata da hankali.

Ranar da Yagana ta kawo mini labarin, na ce mata, "Ban goye ta ba, ban yi mata kitso ba, ban taɓa kiran sunanta ba. Abin da kawai ta samu daga wajena shi ne wannan."

Ta ce, "Kin sani ne lokacin? Ba ki sani ba. Na gaba ne kika sani."

To na gaban ne ya zo. Yarinyar tana da ciki, na fari, kuma watanta ya kama. Ta koma gidan Gwaggo goyon ciki. Gwaggo kuwa dokarta kowa ya san ta. A ɗakinta ake haihuwa, jariri ba ya leƙa ƙofar gida sai an yi suna, kuma allura ba ta taɓa fatarsa kafin askar wanzami. Ga shi tana cikin masu cewa duk mai shawara in aka yi masa allura ya tafi ke nan.

In aka bi dokar Gwaggo, jaririn nan yana iya ɗaukar abin da na ɗauka daga Inna, na ba uwarsa. In aka yi masa allura ranar da ya faɗo, da yardar Allah a kansa abin zai tsaya. Maganar ke nan duka.

Amma wa zai faɗa? Mijin yarinyar suruki ne, ko ido ba ya iya ɗagawa a gaban Gwaggo. Maigidana ya fi ni, shi in ya ji muryar yarinyar a waya ma tashi yake ya bar ɗakin. Ita kanta ba za ta iya ba. Ni kuma in buɗe baki a gaban yayar mijina in yi maganar cikin 'yar fari? Ko a mafarki ban taɓa ganin kaina ina yi ba.

Sai Yagana. Babarbariya ce, duk abin da ta ga dama tana iya gaya wa Bafulatana, ba laifi ba ne. Gwaggo kuma tana mutuwar son ta. In suka haɗu sai ka rantse dambe za a yi, ƙarshe Gwaggo ta cika mata mota da man shanu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan Babbar Sallah ce. Ta zo gidana da yamma, ta rame, zobenta yana yawo a yatsa. Na ce lafiya? Ta ce aiki ne. Ni kuwa na karɓa da sauri, saboda ina ɗokin in kawo tawa maganar.

Ta ce, "Zan je. Amma tare za mu. Ke ki zauna a bakin ƙofa ki sunkuyar da kai yadda kika saba, ni in yi rashin kunyar."

Na ce ai dama gadonku ne.

Ta yi dariya har da tari. Da za ta tafi ta ɗauki kwalbar humra a kan teburina, ta ce ladan tsohuwarta da ta koya mini sana'ar. Gaskiyarta ce, Hajiyarsu ce ta koya mini haɗa turare, kuma Yagana ce ta kai ni ta ce a koya mini.

Daga nan sai ta fara ɗaga tafiyar. Wannan makon taro, wancan makon ɗalibai. Na fara jin haushi. Kwanan nan har na tura mata saƙon murya ina mita, na ce wata fa ya kama, in ba za ta samu zuwa ba ta faɗa mini. Ta maido mini da murya can ƙasa, ta ce, "Ina nan tafe, 'yar Fillo, ki daina kumfar baki."

Ashe daga gadon asibiti ta turo. Ta daɗe da ciwo, ta hana a faɗa. Wane ciwo ne, wannan na iyalinta ne su faɗa in sun so.

Da hantsi na tafi gidansu gaisuwa. A Kano aka yi jana'iza, amma Hajiya tana nan, tsufa ya hana ta tafiya. Tsakar gidan cike, har da irin matan nan da suke kawo mata ciwon baya. Na durƙusa na yi gaisuwa, ina shirin komawa gefe, Hajiya ta riƙe mini hannu. Ta jawo ni kusa ta ce, "Shekaranjiya mun yi waya. Ta ce in kin zo in gaya miki akwai alkawarin da ta yi miki ba ta cika ba. Ta ce ki yafe mata."

Ita ce take neman yafiyata.

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Wadda nake taƙama da ita duk shekarun nan daban ce, ita wannan har cikin ƙashi na ji ta. Mace tana fama da ranta, ni na ɗora mata maganar da take tawa ce, 'yata ce, jikana ne, don kawai kada a ce Dije ta yi rashin ta-ido.

Na kasa zama. Na fito na kira maigida na ce za ni Katagum. Ya san abin da zai kai ni. Ya ce, "Allah ya tsare hanya."

Na je tasha na shiga mota da mayafin gaisuwar a jikina.

Gwaggo tana tsakar gida tana tsince wake na yi sallama. Ta ɗago ta gan ni, ta ajiye faifan. Ban taɓa zuwa gidanta babu sanarwa ba, balle a irin wannan lokaci. Ta ce, "Dije? Wa ya mutu?"

Na ce Yagana.

Ta yi salati, ta daɗe tana share ido da bakin zani. Ta ce, "Babarbariyar nan ta yi mini wayo, ta riga ni. Yanzu wa zan zaga?"

Yarinyar ta kawo mini ruwa, ta durƙusa da ƙyar saboda nauyi, ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Na amsa ina kallon bango, yadda na saba. Ta koma ɗaki.

Na gaishe da Gwaggo. Na sake gaishe ta. Na tambayi awaki, na tambayi ciwon ƙafarta, na tambayi mutanen da ban ma damu da su ba. Har ta fara yi mini wani irin kallo. Na fara da Fillanci, na ji maganar ta fi nauyi a can, na dawo Hausa.

Na ce, "Gwaggo, ina da ciwon hanta. A jinina yake, tun haihuwa. Kuma na sa wa 'yarki."

Na ci gaba.

Na ce, "Cikin nan da take ɗauke da shi, in ba a yi wa abin da ta haifa allura a ranar ba, shi ma yana iya ɗauka."

Na faɗi kalmar ciki da bakina, a gaban yayar mijina, a kan 'yar fari. Ji na yi kamar zanina ne ya kwance a kasuwa. 

Gwaggo ta ce, "Dije, ke ce kike wannan maganar a gabana?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

"Tun yaushe aka sani?"

Na ce tun kafin aure.

"Mijinta ya sani?"

Na ce ya sani.

"Ƙanina ya sani?"

Na ce ya sani.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Kowa ya sani ke nan sai ni. Ni da na yi mata wanka, na yi jinyar ƙyandarta, na aurar da ita. Kun mai da ni mai gadin ɗaki."

 Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ma wata kunyar ce da ban taho da shirinta ba. Na ce ta yi haƙuri. Na yi mata bayanin maigadi da 'yar gida yadda Yagana ta yi mini, duk da a bakina bai fito da kyau ba. Na ce allurar ba ta mai ciwo ba ce, ta hana kamuwa ce.

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, duk zamana a dangin nan. Ta ce ta taɓa haihuwar namiji, kafin a auro ni. Idonsa ya yi ɗorawa kafin suna. Tsofaffi suka ce kada ta kai shi, ta saci jiki ta kai, aka yi masa allura. Ta ce, "Da zanin goyon kawai na dawo. Ko allurar ce, ko kwanansa ne ya ƙare, Allah ya sani. Amma hannun nan nawa ba zai sake miƙa jaririn da ba a raɗa wa suna ba ga mai allura."

Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza.

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake.  Ba ta kalle ni ba ta ce, "Amma ba zan tare ƙofa ba."

Na ɗago.

Ta ce, "In kin ce haka ne, ke za ki yi. Ki kwaso kayanki ki tare a gidan nan. Ki ga naƙudarta da idonki. In ta sauka, ki naɗe jinjirin ki ratsa unguwa da shi da rana tsaka, ki kai shi inda za ki kai shi. Matan garin nan za su ce uwar 'yar fari ta zo ta zauna a kan haihuwa, ta fita da ɗanyen jariri titi. Za a yi da ke a gidan suna, za a yi da ke a gidan biki, har Azare sai ya je. Sunan nan da kika yi na kunya ya tafi ke nan. In za ki iya, bismillah."

Na san ta ɗauka ba zan iya ba. Ni ma haka na ɗauka.

Na ce, "Zan iya."

Ta ce, "To ɗakin baya babu kowa. Ki zo da gidan sauronki."

Da na tashi tafiya, yarinyar ta biyo ni zaure. Ba ta taɓa raka ni ba, ban taɓa bari ba. Ashe duk tana ji. Ta ce, "Yaya, da gaske za ki zo?"

Na juyo na kalle ta sosai. Fuskarta ta kumbura irin ta masu tsohon ciki, idonta ya yi ja. Na ce zan zo.  Sai kawai na gyara mata ɗankwalinta da ya zame, ita kuma ta tsaya ta bar ni na gyara.

Na ce mata ina so in rubuta wannan a shafina, amma sirrinta ne, in ba ta so ba zan yi ba. Ta kira mijinta a gabana suka yi magana. Ta ce, "Ki rubuta. Na gaji da ɓoyo."

Kafin in hau mota na biya ta asibitin garin na tambaya. Suka ce in dai an kawo shi a ranar za a yi masa, sauran alluran kuma su biyo baya a kan lokacinsu. Sun ce ita ma uwar in kawo ta su duba ta kafin ta sauka. Wannan kuma wani zaman ne da Gwaggo, sai na je.

Yanzu na dawo, na yi magariba, na zauna ina rubuta muku.

Ba don a yaba mini na rubuta ba, babu abin yabo. Sai da mace ta mutu tana neman yafiyata sannan na iya yin tafiyar da ba ta fi ƙarfina ba tun farko. Na rubuta ne don na san halina. In na bar shi a cikina, gobe kunya za ta dawo ta ba ni dalili mai kyau na zama a gida. Yanzu kuwa duk kun ji, babu wurin gudu. Matan Katagum da ke bin shafin nan, ga shi kun ji daga bakina tun kafin ku gani.

Kuma ke mai ciki da kike karantawa, ki je a gwada jininki. In kin haihu, a kai jaririn a ranar.

Gobe zan koma wajen Hajiya in zauna da ita yadda ya kamata, don yau ban yi mata zaman kirki ba. Jibi in Allah ya kai mu zan tafi. Shago a rufe yake sai an sauka lafiya.

Yagana, ba ki yi mini komai ba da zan yafe. Ni ce nake nema, kuma na makara.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Yagana. Ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi. Duk jaririn da ya tsira ta dalilin iliminta, ka sa ladan ya riƙa iske ta. Ka ba Hajiya da 'yan uwanta da ɗalibanta haƙurin rashinta. Ka haɗa mu a Aljanna, in ji ta sake ce mini 'yar Fillo.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ce. Ku roƙa wa yarinyar nan sauka lafiya. Ni kuma ku roƙa mini, ranar da na naɗe jaririn nan na nufi ƙofa, Allah kada ya sa ƙafata ta tsaya a zauren Gwaggo.

Amin.